Kada Ki Fanso Mini Hotunan Shanun Nan

Runjin Sambo, Sakkwato.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, Ya tsare ki a hanyar Gusau da abin da ke cikin dajinta, Ya haɗa ki da masauki mai natsuwa da abokan aiki masu tsoronSa. Na ba mahaifiyarki ta sa miki ita a ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙunshin kilishi, don na san hannunki ba zai kai can ba sai kin huta.

Kin san ni da magana. In na buɗe baki sai ta watse, sai na riƙe biro take taruwa. Ranar Juma'a muna cin abinci kika gaya mini labarin aikinki, ban ce komai ba sai "Allah Shi yi albarka." Kin ɗauka murna ce ta rufe mini baki. Ba ita ba ce.

Bari in maimaita abin da na fahimta, in na kuskure ki gyara mini. Ƙungiyar da ta ɗauke ki tana kula da ƙananan asibitocin haihuwa na ƙauyuka. Suna son wuri guda da za a riƙa tara bayanan asibitocin ana auna su, a san inda magani ya kusa ƙarewa da inda mata suka daina zuwa awo. Wurin shi ne kuke kira girgije, wato manyan kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, ka kama haya ka zuba kayanka su riƙa yi maka nazari a kai. Kamfanoni uku sun kawo nasu, an ce ke za ki gwada ki faɗi wanda za a ɗauka. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya rufe mana hotunan shanun kara, wato kasuwarmu ta shanu. Wakilinsu kuma Injiniya Kabiru ne, wanda kika sha kai wa fura a zauren gidan nan. Da ya gane ki a waya, ya ce in har aka ƙulla da su, maganar mahaifinki ƙarama ce, za a buɗe. Kika dube ni fuskarki tana haske kika ce, "Baba, hotunanka za su dawo."

A kan wannan nake rubuto miki. Amma sai na bi da ke ta inda na bi, don kina makaranta a lokacin, gutsattsarin labarin kawai kika sani.

Da satar shanu ta yi ƙamari a gabashin jihar nan, sai ya zama da wuya a tashi kasuwa wani bai shigo kara ya kama igiyar saniya ya ce tasa ce ba. Mai sayarwa ya rantse, shi ma ya rantse, mu dillalai muna tsakiya. Ni ne sakataren ƙungiyarmu, don ni na gama sakandare kuma ba na gajiya da rubutu. Muka yanke shawara duk makiyayin da ya yarda, a ɗauki hoton kowace dabbarsa tun tana hannunsa: launinta, yanayin ƙaho, tsagar kunne, da shaidar wuta a cinya. In gardama ta tashi a buɗe a duba. Har yau ban ga aibin shawarar ba. Wurin ajiyar ne aka ce in zaɓa, ni da ban taɓa zaɓen abin da ya wuce wayar hannu ba.

Kamfanoni biyu suka zo mana. Kabiru ne ya riga zuwa. Yaro mai ladabi, yana cire takalmi tun daga bakin zaure. Kin san al'adar kara: baƙon da ya sauka wurin fatoma, wato mai masaukinsa, ya ci tuwonsa, ba ya kai shanunsa wurin wani dillali, shi ma fatoma ba ya tsallake shi. A cikin wannan na tashi, da shi na auna Kabiru. Ana cikin haka Inna ta rasu, wadda kika ci sunanta. Kabiru ya baro aikinsa ya zauna tare da mu a tabarma har aka share makoki, yana miƙa wa masu ta'aziyya ruwa kamar ɗan gida.

Bayan nan ne wakiliyar kamfani na biyu ta zo, Hajiya Risikat, Bayarabiya haifaffiyar Gusau. Shugabanmu Alhaji Ummaru kuwa Bagobiri ne, kin san wasan da ke tsakaninsu. Tana shigowa ofis ya gyara zama ya ce, "Ke baiwata, mi kinka kawo ma ubangidanki?"

Ta ce, "Alhaji, yaushe bawa ya fara yi wa uwargijiyarsa tambaya? Matsa in aje jakata."

Aka yi dariya. Ta buɗe kwamfutarta. Nata ba shi da ado, layuka ne da akwatuna kamar takardar jarrabawa. Alhaji ya ce, "Ina taswira mai kala? Na yaron nan har ja da kore yaka yi."

Ta ce, "Namu ma yana yi, sai dai ba kyau. Amma in sabis ya ɗauke yana riƙe hoton a waya har ya dawo. Kuma duk ranar da kuka gaji da mu, ga inda za ku latsa ku kwashe kayanku ku tafi."

Alhaji ya riƙe haɓa. "Ba a ɗaura aure ba, kina maganar saki? Ku dai Yarbawa ba ku da ta ido."

Ta ce, "Bagobiri ne angon, dole in shirya."

Na duba littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum bayan la'asar. A ranar na rubuta, "Maganar matar nan ta fi shiga hankali." Da aka zauna taro kuma na miƙe na ce a ɗauki na Kabiru. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya ba ni ko goro. Na dai kasa tunanin yadda zan haɗa ido da mutumin da ya zauna makokin uwata in ce masa mun ɗauki na wani.

Uwata, wakili ba shi ne kamfani ba. Fatoma in ya tsaya maka, da kansa ya tsaya, kasuwa mai zuwa yana nan a rumfarsa, ka san gidansa, ka san surukansa. Wakilin kamfani ana iya ɗauke shi gobe, kirkinsa ya tafi da shi, a bar ki da abin da ke rubuce a yarjejeniya. Ki karanta ta kamar wanda ya kawo ta ya riga ya bar aikin. Ban ce na Hajiya Risikat da bai ba mu matsala ba. Wataƙila da shi ma ya yi mana wani abin. Ban sani ba, don ban gwada ba, rashin gwadawar nan kuwa shi ne ya fi ci mini rai.

Na Kabiru ma ban gwada shi yadda ya kamata ba. Ya nuna mana shi a ɗakin taro na wani otal, ga sanyi ga sabis mai ƙarfi. Shanun da ke cikin nunin na Turai ne, masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, kowace da lamba a kunne. Na ga haka da idona, ban tambaya ba. Da muka fara aiki sai ga shi abu na farko da yake nema lambar kunne ce, ba ya wucewa sai an sa. Shanunmu ba lamba gare su ba. Na riƙa ƙirƙiro musu lambobi, bayanin ƙaho da tsagar kunne kuwa in cusa shi a wani ɗan akwati na ƙarin bayani, inda manhajar ba ta iya bincikawa. Ranar kasuwa kuma, lokacin da aka fi bukatarsa, jama'a ta cika kara sabis ya yi nauyi, sai ka ga hoto yana ta juyawa bai buɗe ba, masu gardama suna tsaye a kanka suna huci.

Don haka kada ki yarda su nuna miki da kayansu. Ki ɗebo bayanan asibitin da ya fi kowanne hargitsi, wanda ungozoma ta rubuta rabi da Hausa rabi da Turanci, mace guda da suna iri-iri. Ki ce su zuba wannan. Sannan ki ɗauki wayar da ta fi kowace tsufa a ofishinku, ki je ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, ki miƙa wa ma'aikaciyar da ke can ta yi da hannunta, ke ki yi shiru ki kalla. Ki kuma rubuta tambayoyin da ƙungiyarku ke son amsarsu tun kafin ki ga abin da kowane kamfani ya iya. In ba haka ba za ki wayi gari kina son amsar tambayar da ba wanda ya yi, don kawai an zana ta da kala.

Mu kalar ce ta cinye mu. Shekarar farko kyauta suka ba mu. Ba mu lura ba cewa bayanta da dala ake biya, kuma kamar mitar wuta abin yake, duk tambayar da ka yi masa tana ci. Alhaji Ummaru ya ƙaunaci taswirar nan da ke nuna inda sata ta fi yawa. Duk baƙon da ya shigo ofis, ko mai tallar goro ne, sai ya ce, "Sakatare, kunna muna ja da koren nan shi gani." Ni kuma in kunna. Da naira ta faɗi, takardar biya ta zo da kuɗin da ya fi ƙarfin ƙungiya. Aka zauna, aka tashi, aka sake zama, wasu suka ce ba su ne suka zaɓa ba. Kafin a daidaita kamfanin ya dakatar da mu, ya rufe hotunan. Na kira Kabiru, ashe an mayar da shi Abuja. Ya ba ni haƙuri ƙwarai, ya ce abin ba a hannunsa yake ba yanzu. Na yarda da shi, har yau na yarda. Daga nan sai saƙonnin Turanci marasa sunan kowa.

Ki tambaye su abin da za a biya a shekara ta uku, da kuɗin wace ƙasa, da abin da ke sa shi hawa. Ki tambayi wanda ke riƙe da kalmar sirri ta sama, ki tabbata ta ƙungiya ce, ba ta mutum guda ba, ko da ke ce. Bayanan mata masu ciki ne, ki san ƙasar da za a aje su da wanda zai iya leƙawa. Amma tambayar da ta fi duka ita ce wadda Alhaji ya mayar wasa. Mu da muke ba makiyayi kiwo, ba ma sakin igiya sai mun san yadda za mu karɓo dabbarmu ranar da muka so. Na san wannan tun ina yaro, na manta da shi a gaban kwamfuta. Hotunan ta cikin manhajar muke ɗauka su wuce sama kai tsaye, ko ɗaya bai zauna a wayata ba. Kada ki karɓi "ana iya fitarwa" da baki. Ki ce su fitar a gabanki, ki buɗe a wata kwamfutar da ba ruwanta da su, ki ga komai ya fito. Ki kuma ji abin da ke faruwa da kayanku in biya ya yi jinkiri.

Saura labarin Malam Jaɓɓi. Kin san shi, dattijon nan Bafillace da ke kawo mana man shanu da sallah. Shi ne makiyayi na farko da ya yarda aka ɗauki hoton shanunsa, lokacin da danginsa ke cewa dabara ce ta masu haraji. Ya ce in dai Sakatare ne, a ɗauka. Bayan an dakatar da mu ɓarayi suka shiga rugarsu suka kore garken duka. Watanni suka wuce. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga shi a ƙofar ofis, numfashinsa na sama-sama, ya ce ya ga ɗaya. Jar saniya mai karyayyen ƙahon hagu, tana cikin shanun wani baƙon falke da ya ce a wata kasuwa ya saye ta, ga takardarsa.

Malam Jaɓɓi ya kira ta yadda yake kiranta, ta ɗago kai ta yi kuka. Falken ya ce kowace saniya tana ɗago kai. A da, da sai a tara dattawan da suka san garken su ba da shaida. Amma mu da kanmu muka kafa doka, lokacin da muke ɗokin sabon abu, cewa an daina karɓar shaidar baki sai hoto, don a rufe ƙofar son kai. Ni na rubuta dokar da hannuna.

Ya ce, "Sakatare, buɗe shi gani. Kai da kanka ka ɗauke ta, ranar da tat taka maka ƙafa."

Na tuna ranar sarai, har na yi ɗingishi. Na buɗe kwamfutar ko da na san abin da zan gani. Farin shafi da layin Turanci.

Ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce a jira."

Ya ce, "To, mu jira." Ya zauna a bakin dakali ya ɗora sandarsa a gwiwa.

Kwamitin ƙungiya ya riƙe saniyar zuwa kasuwa mai zuwa. Na ce ni shaida ne, falken ya nuna mini dokata a jikin bango. Na yi waya, na aika saƙo, na bi 'yan kwamiti gida-gida a kan a biya kamfanin ko wani abu ne daga bashin. Wa'adi ya cika ba a buɗe ba. Muna tsaye aka hau da ita tirelar kudu. Malam Jaɓɓi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Sakatare," ya gyara hularsa ya bi ta ƙofar awaki ya fita. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kada ki bari a kashe tsohuwar hanya don sabuwa ta zo. In asibitocin nan suna da littafin da suke rubutu, su ci gaba da shi har sabon abin ya ga damina ya ga rani. Ranar da ya rufe, mace mai naƙuda ba za ta zauna a dakali ta jira ba.

Yanzu ga maganar Kabiru. Ba zan ɓoye miki ba, ina son hotunan nan. Da yawa daga shanun an yanka ko sun mutu, amma akwai masu rai, akwai kuma masu su da ke zagaya kasuwanni suna dube-dube. In an buɗe, wataƙila wani ya sami tasa. Wataƙila in daina sunkuyar da kai in na ratsa rumfar Fulani. Tun ranar Juma'a nake juya abin, na rubuta dalilan karɓa a shafi guda, na ƙi a wani shafin, na karɓa sun fi tsawo. Ba ni da tabbacin cewa abin da zan ce miki shi ne daidai ga masu shanun. Allah Ya yafe mini in na zalunce su.

Amma kada ki karɓa. Ba a ce ki zaɓa wa dillalan Sakkwato ba, an ce ki zaɓa wa matan da ba su san sunanki ba, ba su kuma da wanda zai tsaya musu a ɗakin da za a yanke maganar sai ke. In kika sa hotunana a kan sikelin, kin sa abin da ba nasu ba. Kuma na san abin da zai biyo baya, don na ɗanɗana. Daga ranar da ya yi wa mahaifinki alheri, bakinki ya mutu a gabansa. Za ki zo tambayar yadda ake fita ki ji nauyi, ki ce sai wani zaman. Ni zaman makoki ne ya ɗaure ni, ke kuma ni za a ɗaure ki da ni. Ba na zaton Kabiru da mugun nufi ya faɗa. Ya ga hanyar da zai wanke kunyar da yake ji ne, ya kuma sayar da kayansa a tafiya guda. Mutum ne.

Ranar da kika fara shiga ofis, ki sami shugabarki ki gaya mata komai: cewa kin san wakilin tun kina yarinya, cewa kamfaninsa na riƙe da kayan ƙungiyar mahaifinki, da abin da ya faɗa a waya. Ki roƙi a sa wani ya zauna tare da ke a duk gwajin da za a yi. Za ki ji kamar kin tona asirin gida. Ba komai, duk kara an san labarin. Kada kuma ki ƙi su saboda ni. Mai yiwuwa nasu ne ya fi dacewa da asibitoci, shanu ne bai dace da su ba, ko kuma ni ne ban iya ba. In sun ci da gaskiya ki ba su. Ko a lokacin ma kada ki tayar da maganata. Bashin ƙungiyarmu ne, ta ƙofar ƙungiya za mu bi, in mun iya. In Kabiru ya sake tayar da zancen ki ce, "Baba na gaishe ka, ya ce a bar maganar."

Ni na koma farko. An soke dokar nan, dattawa sun dawo ba da shaida. Ina ɗaukar hotuna da wayata, in kwafa a memori biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gida, in kai wani shago a Tudun Wada a buga a takarda. Ba taswira, ba ja ba kore. Mutane da yawa sun ƙi, ban ga laifinsu ba. A kasuwar da ta wuce sai ga Malam Jaɓɓi yana jan wata 'yar karsana, wani ɗan'uwansa ya ba shi aro ya sake kafa garke da ita, yadda suke yi wa wanda ya rasa. Ya tsayar da ita a ƙofar ofis ya juya mini cinyarta.

Ya ce, "Ɗauka. Amma wanga karo ka ba ni takardar in riƙe da kaina."

Na ɗauka, hoton farko bai fito ba, sai da na sake. Na buga masa biyu. Ya naɗe su a leda ya sa a aljihun ciki, ya taɓa wurin da tafin hannu, sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne ɗiyata ta sami aikin kwamfuta a Kaduna. Na ce gaskiya ne. Ya ce, "Allah Shi sa ta fi ka sa'a." Na ce amin.

Allah Ya sa ki fi ni sa'a, Uwata, Ya kuma sa ki fi ni ƙarfin ido. Ya tsare ki a fita da shiga, a mota da ƙasa, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, da alherin da ke rufe baki. Kada ki yi tafiyar yamma a hanyar nan ko an ba ki hutu, ki bari sai safiya. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba ki da labari. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Ɗanki, kuma mahaifinki.